Hannun da Mutari bai sa ba

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar ƙanena Mutari, kuma har yau in na tuna kwana ukun da suka biyo bayanta sai raina ya ɓaci. Haƙurin mutuwa na yi shi tuntuni. Abin da muka yi wa Saminu ne na kasa haɗiyewa.

Mutari direban taram ne, jirgin ƙasan cikin gari, a birnin Lyon na Faransa. Shekara tara suna zaune da Saminu, wani ɗan Maraɗi, a hawa na bakwai a unguwar Minguettes. Mu dangi "abokin haya" muke ce masa, alhali duk wanda ya leƙa gidan ya ga gado ɗaya ne. Kawunmu Alhaji na Clichy-sous-Bois, a gefen Paris, ba ya zuwa Lyon bai sauka wurinsu ba, kuma tuwon Saminu yake ci har ya nemi ƙari.

A lokacin Faransa ba ta halatta auren jinsi ba, amma akwai takardar zaman tare da ake kira PACS, wadda hukuma ta yarda da ita. Mutari ya zo har ɗakina a unguwar Belleville ta Paris ya gaya mini za su sa hannu. Ni na hana. Na ce, "Don Allah ka bari sai bayan ran Inna, labari zai kai Damagaram." Ya ce, "To, Yaya." Inna tana nan da ranta, ta haura tamanin. Mutari ne zuciyarsa ta tsaya yana da shekara talatin da takwas.

Ya sha faɗa a binne shi a Lyon, a ɓangaren Musulmi na maƙabarta, inda Saminu zai hau bas ya ziyarce shi. Da baki ya faɗa, bai rubuta ba. A asibiti da aka tambayi iyalinsa, Kawu ya miƙa takardunsa, ya nuna Saminu da haɓa ya ce maƙwabci ne. Ina tsaye a wurin, ban ƙaryata shi ba.

Mutanenmu da ke Faransa gida suke kai gawa, kuma sun san hanya, kafin ka share hawaye an gama takardun jirgi. Ranar wanka Saminu ya zo da likkafani a hannu. Kawu ya tare ƙofa ya ce, "Malam, wannan aikin dangi ne." Wasu mutum biyu da ba su taɓa gaisawa da Mutari ba su suka wanke shi, Saminu kuwa yana waje a kan benci.

Ba a jima ba doka ta canza. Yanzu ranar Asabar nakan ga maza biyu suna saukowa daga ofishin magajin gari, ƴan uwansu na tafi, sai in tambayi kaina me Mutari zai ce. Na san halinsa. Dariya zai yi ya ce doka ta zo, amma Yaya tana nan. Da gaskiyarsa, don ba gwamnati ce ta riƙe masa hannu ba. Ban zo gardamar addini ba, malamai su yi abinsu. Amma a nuna mini inda aka halatta ƙarya a kan gawa. Haushin Kawu nake ji, na kaina ya fi.

Abin da ya rage na Mutari yana wurin Saminu, ba wurinmu ba. Shi yake masa sadaka duk shekara, shi yake kirana mu tuna shi, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Bana ya ce zai je Damagaram, ya tambaye ni, "Yaya, ta wane gefen maƙabarta yake?" Mu mata ba ma raka gawa, ban taɓa ganin wurin ba. Na kira Kawu, shi da ya dage sai an kai shi gida. Ya ce ya manta.