Ashafa da Jan Fenti

Mijina Ashafa mai walda ne a Kankia, shekara ashirin da shida ke nan, kuma duk garin nan babu mai ƙin tsatsa kamar shi. Duk ƙarfen da ya fito daga hannunshi, ƙofa ce ko garma, sai ya shafa mashi jan fenti kafin ya bar rumfa. Na sha ce mashi, "Malam, wata rana ni ma shafe ni za ka yi."

Amininshi tun yarinta shi ne Bube, makiyayi da ke zaune a ruga bayan ƙofar gari. Bara shanun Bube suka fara zubar da gashin wutsiya, kofatonsu na tsagewa. Khairiyya, ɗiyar wan Ashafa da ke karatun kimiyya a jami'a, ta ɗebi ruwan rijiyar da suke sha ta kai gwaji. Aka ce wani sinadari ne, siliniyam, ya yi yawa a ciki. Bube ya ce in kaka ta yi ba sauƙi zai kora dabbobinshi kudu, kuma ba dawowa.

Hankalin mutumina ya tashi. Khairiyya ta zana mashi dabara a takarda: tankin roba, faranti biyu na ƙarfe a tsoma cikin ruwan, a jona su da batirin sola. Wutar ita za ta yi sauran aikin. Ta koma makaranta.

Cikin kwana biyu ya gama, ya ɗora a amalanke sai ruga. Sati uku ruwan na nan garau, shi kuwa sai cika baki. "Hawwa'u, kin ga aiki? Ko ɗigon tsatsa babu!" Shanu kuma ɗingishi sai ƙaruwa.

Da Khairiyya ta dawo muka tafi tare. Ta ciro farantin, ga shi ja wur, yana ƙyalli.

"Baffa! Fenti ka shafa?"

"To da in miƙa wa mutum ƙarfe tsirara?"

"Baffa, ai tsatsar ita ce maganin. Wuta ke cin ƙarfen, tsatsar ta kama gubar ta kwanta ƙasa. Kai ka rufe ƙarfen ruf."

Wallahi na yi dariya har na riƙe ciki. Sai da na dubi fuskarshi na kama bakina.

Ranar nan ya kankare fentin tas. Ruwan ya rine kamar kunun kanwa, ya kwanta, aka tace. Gwaji na biyu ya zo da sauƙi, Bube ya fasa tafiya. Yanzu duk wata Ashafa ne ke zuwa da kanshi ya canza farantan da suka cinye, yana tsaki yana canzawa.

Amma a cikin sati ukun nan farar saniyar Bube, wadda ta fi duka nono, ta kasa tashi, dole aka yanka ta. Ashafa ya ce sai ya faɗa mashi gaskiya da bakinshi, ni na raka shi.

"Bube, fentina ne ya kashe maka ita."

Bube ya dubi garke, ya miƙo mashi ƙwaryar nono. "Don ni ka yi, Ashafa. Zauna ka sha nono."

Ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu. Tausayinshi ya kama ni, don har muka tashi bai iya kai ta baki ba.