Mushe Yahaya da jakar babana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni Barmu: Mushe Yahaya ya rasu a Tawa. Tun jiya da la'asar anka rufe shi, kuma ba wanda ya tuna ya kira ni. Ga direban tasha na ji.

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Maƙwabcina tela ke rubuta wannan, na ce mishi kar ya gyara mini ko kalma guda.

Ni baduku ne, ɗan baduku. Shi malamin lakwal ne da ya aje aiki, shi ya sa ake ce mishi Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal. Takalmi ya kawo mini gyara a kasuwar Tawa, daga nan munka saba. Duk Lahadi in na tashi kasuwa sai in biya gidanshi, ya sa a dama mini hura mai tsami, don ya san ba ni shan ta da sukari.

Ƙafahu sun hana shi tahiya, sai ya koma yawo cikin waya. Yana bisa tabarma, ya shiga gidajen muze na biranen Turawa, inda suke aje kayan da cikin gilashi, ɗaki bayan ɗaki. Ni ina ce mishi aikin marar aiki.

Wata rana ya ce, "Baduku, zo ka ga abin da ya hi ƙarhinka."

Jakar raƙumi ce, jar fata da tsanwa, da dogayen geza. Ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton har zare ya hito fili. Sai na matso kusa.

Ɗunkin ya kwanta hagu. Babana, Arzika, bahago ne, basillarshi daga can take shiga. Ni na riƙe mishi fatar nan ina yaro, kahin wani Bature ya saye ta.

Na ce ya karanta mini abin da sunka rubuta ƙarƙashi. Ya karanta, ya ce, "Sun ce aikin Agadas ne. Ba a san wanda ya yi ba."

Ba a sani ba. Mutumin da ya makance a kan fata.

Mushe ya rubuta ma masu muzen da Faransanci har sau uku. Daga baya sunka amsa, sunka ce in akwai mai iya wannan ɗunki, a ɗauke shi bidiyo yana yi yana bayani, su duba su gyara takardar. Ni kaɗai na rage da na iya shi.

Na ƙiya. Na ce da sunka tashi rubuta ƙarya ba su tambaye ni ba, yanzu ni za a jarraba kamar ɗan lakwal? Su zo Barmu su iske ni.

Lahadin da ta wuce ya sake tada maganar. Ya rame, yana magana yana hutawa. Ya ce, "Ilu, hannunka ya fara rawa, ni numfashina ya gajarta. Wa muke jira?"

Na ce, "Kai dai ka cika son Turawa, Mushe."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Tahi, tsohon banza. Ka taho da basilla Lahadi."

Ban ko waiwaya ba.

Ɗazun na ɗauko guntun fata na gwada. Sau huɗu na soke, biyu sunka karkace. Bara ba haka nike ba. Na gaji ƙwarai, jama'a.

Ban ce na huce da mutanen can ba. Amma in akwai wanda ya ji Faransanci cikin waɗanda Mushe ya karantar, ya roƙi iyalinshi bayan addu'ar bakwai su buɗe mishi wasiƙun da ke wayar, ya zo Barmu. Zan zauna a ɗauke ni. Kar dai ya daɗe.

Allah ya jiƙan Mushe Yahaya, ya yalwata mishi kabari, ya ba iyalinshi haƙuri. Wanda duk ya karanta ya yi mishi Ƙulhuwallahu, ya haɗa da Arzika baduku na Barmu.