Farfesun Barewa a Woolwich

Kakata, wadda duk gidan muke kira Inna, ta zo London a ƙarshen 1989 don a yi mata aiki a ciki. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini Takwara. Muna zaune a wani flat na council, gidan hayar gwamnati, a unguwar Woolwich, hawa na shida. A falon akwai wutar gas manne da bango, ita ce ta zama murhun Inna. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu, sai ta ce ƙasar nan ko ranarta ma rowa gare ta. Amma abin ya yi mini daɗi, domin a wurin Inna ba a tatsuniya da rana, ga shi kuma ranar ta gudu da wuri. Tana idar da sallar magariba za ta ja darduma gaban wutar, ta miƙe ƙafa, ni kuma in kwanta a cinyarta. Shekarata tara, ina jin Hausa sarai, amma da Turanci nake amsawa. Inna ta ce bakina ya yi tsatsa.

Matsalar ita ce Inna ta daina cin abinci. Ta ce kazar London kamar jiƙaƙƙen tsumma take, naman sa kuwa ya kwana cikin ƙanƙara har ya manta shi nama ne. Tun muna dariya har muka daina. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Cinyar da nake kwanciya a kai ta koma ƙashi. Sau biyu aka sa ranar aiki, sau biyu aka fasa, aka ce jikinta ba zai ɗauka ba sai ta ƙara ƙarfi.

Babana likita ne, kuma shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa, sai dai ta ce Likita. Na sha ganinsa durƙushe a gabanta da kwano da cokali.

"Inna, don girman Allah loma uku kawai. An sake yin cancel, an ɗage aikin. In aka kai wata mai zuwa a haka, ban san abin da zan gaya wa ƙannena ba."

"Likita, bokan Turai," in ji ta, "ka warkar da 'ya'yan wasu, ka bar ni in huta."

Ya tashi ya shiga banɗaki ya buɗe famfo. Na san ba alwala yake yi ba. Tsoron da na ji a watannin nan ban sake jin irinsa ba.

Wata rana cikin hira Inna ta ce ita 'yar maharbi ce, da naman daji aka yaye ta, kuma da za ta ga romon gwanki da ta sha. Gwanki a London! Baba ya bi kasuwa rumfa rumfa, har ya dace da Malam Isaka, wani mahauci ɗan zangon Kumasi. Malam Isaka ya ce gwanki kam babu, amma ya san wata gona a ƙauye inda ake kiwon manyan barewar Turawa, masu ƙaho kamar reshen itace. Ya ce, "Likita, ka zo mu je, ni zan yanka da hannuna, tsohuwa ya ci halal." Ranar Asabar suka tafi cikin sanyin Fabrairu, suka dawo da cinya da haƙarƙari.

Ina kicin Mama tana wanke naman, na ji Baba ya rage murya ya ce mata, "Mace ce. Da aka farke cikinta har da ɗa, abin tausayi." Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba.

Mama ta zuba duk basirarta a tukunyar nan. Ta daka citta da kanumfari da masoro da kimba, ta fasa daddawar da take ɓoyo kamar zinariya, ta bar naman ya dahu a hankali tun azahar. Jan nama ne, ba kitse, sai da ta ɗan sa man shanu. Ƙamshin ya cika gidan har ya sauka matakala. Bayan magariba aka ajiye kwanon gaban Inna. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta kai hannu, sai ta tsaya.

"Likita, namiji ne ko mace?"

Baba ya dubi Mama. Shi makarantar kwana ce ta raine shi, bai san dalilin tambayar ba, amma ya ji nauyinta. Inna ta janye hannu, ta dube ni ta ce, "Takwara, ga ta nan, yau ita ta kawo kanta." Na ce ta zo mu ji ta.

Ta ce an yi wani maharbi mai suna Gagarau, kibiyarsa ba ta dawowa banza. Wata shekara aka yi fari, sai ya lura gwanki mai ciki ba ta da gudu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Gari ya ci nama har ya gundure shi, aka yi ta yi wa Gagarau kirari. Da shekara ta zagayo ya shiga daji, ko sawu babu. Ya yi kwana bakwai yana yawo, ga yara a gida ciki ya kumbura. A rana ta takwas ya tarar da 'yar gwanki guda tana lasar ƙashin uwarta. Ya ɗana kibiya, hannunsa ya ƙi. Ya saɓo ta a wuya ya kai gida, akuyar matarsa ta shayar da ita. Ya yi tafiyar wata guda ya samo mata namiji. Ya rataye bakansa damina bakwai, yana cin tafasa da rama, mutane suna ce masa makiyayin gwanki. A ta takwas ƙura ta tashi a bayan gari, aka zaci mahara ne, ashe garke ne ya dawo.

"Shi ne kakan kakanmu," in ji Inna. "Ya yi rantsuwa jininsa ba ya cin macen naman daji, domin wanda ya kashe uwa ya kashe garke. Ƙurunƙus, kan ɓeran Woolwich." Ta sake duban Baba. "Ina jin ka, Likita."

Baba bai taɓa yi wa mahaifiyarsa ƙarya ba. Romon yana hucewa, Mama ta toshe baki da gefen mayafi. Na san in ya buɗe baki shi ke nan, za a mai da kwanon kicin, Inna kuma ba za ta kai watan gobe ba. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Namiji ne, Inna! Na ga ƙaho, babba, kamar itace!"

Ita ce jimla ta farko da na taɓa haɗawa da kaina da Hausa a gabanta, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Inna ta daɗe tana kallona. Sannan ta yi bismilla ta kurɓi romon. Ta ci tsoka biyu, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Mama ta ruga kicin tana kuka tana dariya. Washegari ma ta ci. Bayan mako biyar aka yi aikin, da bazara ta koma gida da ƙafarta.

Na yi shekaru ina taƙama a zuci cewa wayona ne ya ceci Inna, ina kuma jin kunyar na sa ta karya rantsuwar kakanni. A 1996 na je gida hutu, na same ta a tsakar gida tana tsince wake, na zauna na faɗa mata gaskiya. Ta yi dariya har da tari.

"Takwara, 'yar maharbi za ki koya wa nama? Na namiji ƙarni gare shi. Tun tukunyar tana kan wuta na san mace ce."

"To me ya sa kika ci, Inna?"

"Dokar gidanmu cewa ta yi kada a kashe uwa. Na dubi fuskar ubanki, na ga ashe ni ce nake shirin karya ta, in kashe masa uwa da yunwa."

Ba ta kai wata daminar ba ta rasu. Yanzu idan na ji an ce a wata ƙasa an hana farauta har garken barewa ya dawo dajin da ya ƙare, nakan ce an sake yin wani Gagarau. Da ina ɗauka tatsuniyar ta dabbobi ce. Sai da na haifi nawa, na kwanta ciwo, na ji abinci ya fita raina, na ga idanun 'yata a bakin gado, sannan na gane. Na ce ta miƙo kwanon.