Saura Kamu Guda a Bargon Kaka

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: tsohon zanen da Kaka ta ba ni, ranar aurena nake ajiye wa, kamar a littattafan soyayya. Angon ma ban san shi ba!

Yau na tarar tana ƙara wa bargonta tsawo da tsofaffin zannuwa, don ƙafafunta na leƙowa da asuba. Saura kamu guda ƙyalle ya ƙare.

Na ce, "Kaka, mu sayo sabon yadi mana."

Ta ce, "Ja'ira! Wanki ɗaya sabon zai tsuke, ya yaga tsohon."

Ango zai jira, amma sanyin Birnin Gwari ba ya jira. Bari in ɗauko mata zanen.

Ku fa, da kun bayar?