Ƙirgen 'Ya'yan Kaza

Ƙamshin gyaɗar da ake soyawa a cikin yashi ba yunwa yake sa ni ba, haushi yake tayar mini. Da na ji shi sai in tuno rufin gidanmu a unguwar Karantina ta Jidda, da Kakata, mahaifiyar Babanmu, zaune gaban kasko bayan isha'i tana juya gyaɗar da za ta kai bakin titi da safe.

Tun tana budurwa ta baro ƙasar Hausa da iyayenta, a ƙasa, suka ratsa Cadi da Sudan har suka ƙetaro teku. Da dare suke tafiya saboda zafin rana, shi ya sa ta san sama kamar yadda ka san tsakar gidanku. Akwai wasu ƙananan taurari da ke cure wuri guda, Larabawa na ce musu Surayya, ita kuwa Kaza da 'ya'yanta ta san su. Da su take gwada idonta. Duk shekara in sanyi ya shigo, iskar teku ta daina danƙo a jiki, sai ta ɗaga kai ta ƙirga. In ta samu bakwai, to ido lafiya lau.

"Maigida, zo ka taya ni ƙirga kajina," haka take ce mini, irin wasan kaka da jika. In na faɗi bakwai sai ta cika mini hannu da gyaɗa mai zafi.

Ana nan sai fitilu suka zo. Aka jera turaku a babban titi, masu haske ruwan ɗorawa, tashar jiragen ruwa ta ƙara nata, ga harshen wutar matatar mai yana ci har asuba. Mu yara murna muka yi, mun samu wurin ƙwallo. Sama kuwa ya koma kalar ruwan wankin kwanuka, ba wanda ya damu. Ƙirgen Kaka ya sauko shida, ya sauko biyar, tana ta shafa kwalli tana murza ido da gefen mayafi.

Wata shekara ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ni huɗu na gani. Kai fa?"

Wallahi huɗun na gani ni ma, su ma dishi-dishi. Amma ina son gyaɗata, kuma ba na son tsohuwa ta yi kunnen doki da ni. Na ce, "Bakwai, Kaka, ga su nan reras."

Ta cika mini hannu kamar kullum, ta ce, "Halas, shi ke nan, idon ya tafi."

Ba ta da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, tana tsoron in ta je asibiti a kama ta a mayar da ita ƙasar da ba ta da kowa. Sai wata maƙwabciya ta kawo mata wani wanzami da ya ce yanar ido ce ta rufe mata gani, zai soke ta da allura ya ture ta gefe. Na ga allurar, na ga tsumman da ya goge ta da shi. Idon dama ya kumbura, ya yi ruwa, ya mutu murus. Na hagun ta hana a taɓa. Ba ta sake hawa rufin nan ba. Ni kuma na kama bakina, don tsoron bulalar Babanmu, ina lallashin kaina cewa ai tsohuwa ce, dama idon zai tafi.

Bayan shekaru masu yawa, ina direba, kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya haɗa ni da wasu malaman jami'a in kai su wani dajin hamada da hukuma ta killace, ba farauta, ba kiwo. Duhu suka je aunawa. Suna da 'yar na'ura kamar gidan sabulu, a miƙa ta sama ta ba da lamba su rubuta. Suka sa na kashe fitilar mota, har wayata. Babbansu ya nuna mini wani jan haske mai datti a ƙasan yamma, ya ce hasken birane ne ya biyo mu har nan, shi ke shafe taurari.

Na ɗaga kai na nemi Kaza. Ni da nake sa tabarau, na ƙirga bakwai ba wahala. Na tambaye shi ko mai lafiyar ido zai gan su haka a Jidda. Ya yi dariya ya ce, "A Jidda? Ko likitan ido ba zai gani ba. Yalla, mu matsa gaba."

Na zagaya bayan mota na yi amai.

Yanzu a unguwar Aziziyya nake zaune. Kantuna a rufe, fitilunsu na ci har safe ba don kowa ba, kuma wannan muke kira ci gaba. Duhun da Allah ya ba kowa kyauta, sai da aka kewaye shi da waya aka sa masa masu gadi kamar barewa. Tir da mu, kuma tir da ni kafin kowa. Idon Kaka lafiyarsa ƙalau, samanmu ne muka ɓata. Har ta rasu, duk baƙon da ya shigo sai ta lalubo kaina ta ce masa jikan nan nata ido gare shi kamar shaho. Ban taɓa gyara mata maganar ba.