Tankin Kifin Teku a Ɗakin Baba

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, ba na jin zai tafi da ranar da ruwan gishiri ya malale a ɗakin mahaifina. Lokacin muna Zangouettin, cikin Wagadugu, a bazarar ƙarshe kafin a rushe unguwar.

Baba direban kamiyo ne, babbar motar kaya. Daga Nijar ya zo yana saurayi, ya ƙarar da ƙarfinsa a hanyar Wagadugu zuwa Lome. Muna yara, in ya dawo daga tafiya, labarin teku muka fi ɗoki a kan tsaraba. Yakan zauna a tabarma ya kwatanta mana rurinsa, da ƙanshinsa, da kifaye masu launin da ko a atamfa ba mu taɓa gani ba. Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Hannun dama ya daina motsi, harshe ya yi nauyi. Da farko yana ƙoƙarin magana, amma da ya lura mutane suna ce masa "to, to, Alhaji" ba tare da sun gane abin da ya faɗa ba, sai ya yi shiru. Inna ta ba shi abinci, mu shigo mu gaishe shi mu fita, shi kuma ya wuni yana kallon bango.

Ni aikin famfo nake yi. Na taɓa gyara bututu a wani otel mai tankin kifin teku, na tsaya na ƙare wa haɗin kallo: ruwa in ya kai wani matsayi sai ya gangara ta bututu zuwa ƙaramin tanki da ke ɓoye a ƙasa, a can ya tace, pompi ya sake turo shi sama. Don haka ranar da wani mai gidan abinci a Larlé ya ce in ɗauke masa wani ƙaton tankin gilashi da ya tare masa wuri, tun kafin ya rufe baki na san inda zan kai shi.

Inna ta dubi tankin a kan amalanke, ta dube ni.

"Kifi a ɗaki? Wanda ba za a ci ba?"

"Na kallo ne, Inna. Don Baba."

"To, Allah ya kyauta. Mu dai da muka taso, kifi tukunya yake shiga."

Matsalar ita ce tankin ba shi da huda, ni kuma ban taɓa huda gilashi ba. Na kira abokina mai yankan gilashi a kusa da kasuwar Sankaryaaré. Ya zo da injin huda da wani baki mai kama da zobe, ya ƙwanƙwasa gilashin, ya ɗaga shi a rana yana dubawa, ya ce, "Zai hudu. Amma in ya tsage, sai dai Inna ta riƙa shanya kuɓewa a kai."

A tsakar gida muka kwantar da tankin a kan bargo. Muka kewaye wurin hudar da yumɓu kamar ƙaramar rijiya, muka cika ta da ruwa don kada gilashin ya yi zafi. Shi yana riƙe da injin, ni ina tsiyaya ruwa daga buta. Ba a dannawa, nauyin injin kaɗai ke ci, a hankali, ruwan yana komawa fari kamar an dama gari. A unguwar nan ba ka yin abu kai kaɗai. Kafin mu kai rabi, gidan ya cika: maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Moshi mai sayar da zom-kom, wani abin sha na gero, malamin da ke karantarwa a zauren da ke jikin namu, direbobin da ke jiran lodi. Kowa yana ba da shawara, wani da Hausa, wani da More, yaren Moshi, wani da Faransanci. Da injin ya kusa fasawa, sai gidan ya yi tsit. Muka ji ƙaramar ƙara, ƙwal, guntun gilashin ya faɗa kan bargon, zagayayye sumul. Mai zom-kom ta rangaɗa guɗa kamar an yi haihuwa. Haka muka sake yin huda ta biyu.

Sauran aikin nawa ne. Na ɗaura bututun gangarowa a huda ɗaya, na mayarwa a ɗayar, na shafe mahaɗan da gam. Tankin ƙasa rabin gangar roba ne da na ɓoye a ƙarƙashin teburin da tankin ke kai. Bakin bututun mayarwa na tura shi can ƙasa cikin ruwa, don ya riƙa motsa tankin tun daga gindi. Wani tsohon yaron motar Baba, wanda a lokacin ya zama direba, shi ya kawo mana gishirin musamman na haɗa ruwan teku daga Lome, daga baya ya kawo kifayen cikin kula, yana ta lallaɓa su a hanya kamar ƙwai. Wasu ruwan lemo ne da ratsin fari, ɗaya shuɗi ne shar.

Baba ya kalle su, ya gyaɗa kai. Shi ke nan. Ban faɗa wa kowa ba, amma raina ya sosu, don na sa ran fiye da haka.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, ana zafin da ko inuwa ba ta da sanyi. Ina cin abinci a tsakar gida sai fanka ta tsaya, an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Ban damu ba, sai da na ji Inna tana salati. Na shiga na tarar gangar ƙasa ta cika tana ambaliya, ruwa ya jiƙa tabarma yana nufar gadon Baba, tankin sama kuma yana raguwa a kan idona. Gishirin ya ƙare, ba wanda zan sake haɗa ruwa da shi, motar Lome kuma ba ta kusa dawowa ba. In tankin ya zube, kifayen sun mutu.

Na ɗauka gilashin ne ya tsage. Na shafa hudar, lafiya lau. Na bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya, ba inda ke yoyo. Pompi a kashe, amma ruwa na ta sauka. Ina cikin wannan ruɗewa sai na ji ana buga kofin silba a jikin gado. Baba ne, da hannun hagu.

"Gazuwal!" in ji shi.

Inna ta ce, "Alhaji, babu mota a nan, kwanta abinka."

Ya sake bugawa da ƙarfi, idonsa a kaina. Rabon da in ga wannan kallon tun ina yaro. Na durƙusa cikin ruwan, na kai kunnena kusa da bakinsa.

"Baba, maimaita mini. Ina ji."

Kalmomin suka fito da ƙyar, ɗaya-ɗaya. "Tiyo ne... yake zuƙa. Kamar in ana jan gazuwal... daga tanki. Ba shi iska."

Nan take na gane. Bututun mayarwar da na nutsar, da pompi ya tsaya, sai ya juya yana zuƙo ruwa ƙasa, daidai yadda direba ke janyo gazuwal, man babbar mota, da tiyo. Na riga na liƙe shi da gam, ba ya ɗaguwa, don haka na fizgo zarto na yanke shi a saman ruwa. Bututun ya yi wani gurnani, ya shaƙi iska, ruwan ya tsaya cak.

Baba bai gama ba. Ya nuna gangar, ya nuna tankin, ya yi alamar a kwarara daga sama. Maƙwabtan da salatin Inna ya jawo suka karɓi ƙwarya, ana ɗiba ana kwararawa don kifayen su sami iska, in wannan ya gaji wancan ya karɓa, har malamin ma ya naɗe hannun riga. Baba yana daga gado yana tsawatar wa duk wanda ya zuba da garaje. Kafin magariba kuran ya dawo, ko kifi ɗaya bai mutu ba.

Washegari da zan sake haɗa bututun, na jawo kujera kusa da shi na ce, "Baba, yaya za a yi?" Ya sa na yi 'yar ƙaramar huda a jikin bututun, dab da fuskar ruwa, ta yadda ko an ɗauke wuta zai sha iska da kansa. Muka gwada, na kashe pompi, ruwan ya ɗan sauka ya tsaya. Ya yi dariya da rabin bakinsa, Inna ta fita tsakar gida tana share ido da gefen mayafi.

Daga ranar tankin ya zama nasa. Shi ke cewa a ƙara ruwa, shi ke jin in ƙarar pompi ta sauya. Direbobi suka koma zuwa hira, kuma suka koyi jira har ya ƙarasa maganarsa. Watannin nan su ne mafi daɗi da muka yi a gidan. Da aka tashe mu, muka watsu, kowa da inda aka ba shi fili. Kifayen ba su jure ƙaurar ba, Baba ma bai daɗe sosai a sabon gidan ba, Allah ya ji ƙansa. Inda ɗakinsa yake, yau ko ni ba zan iya nuna wurin daidai ba.

Na yi ta wahala don in samo masa abin kallo, ashe abin da ya rasa shi ne a tambaye shi, a tsaya a ji amsarsa. Shi ya sa har gobe, in na je gaida mara lafiya ko tsoho, ba na tsayawa a "sannu". Nakan tafi da wata matsala tawa, ko ƙarama ce, in ajiye a gabansa in ce, "Yaya kake ganin za a yi?" Sannan in zauna, in jira.