Kaka Tana Maneji

A gidanmu na Kwoi, lokacin tsaga citta shi ne lokacin tatsuniya. Bayan tuwon yamma mukan kewaye wuta, kowa da wuƙarsa da tulin citta a gabansa, Kaka kuma tana kan ɗan kututturenta. Ba ta yi boko ba, amma akwai kalmar Turanci ɗaya da ta riƙe: maneji.

Ni ba mai magana ba ce, kallo na iya. A bayan littafin lissafina na riƙa rubuta duk inda na ji kalmar. Mama ta faɗe ta ranar da miya ba nama. Ɗan acaɓa ya faɗe ta da ya ɗora mu mu uku. Malaminmu ya faɗe ta da alli ya ƙare, ya yi rubutu da busasshen rogo. Har Fasto ya faɗe ta da rufin coci ya fara yoyo.

Wata yamma na kai wa Kaka ruwa a ɗaki, na tarar tana kwance tsumma daga ƙafarta. Ƙarƙashin babban yatsa akwai gyambo, bakinsa ya yi baƙi.

"Fartanya ne," in ji ta, da Hausarta ta 'yan garinmu. "Ina maneji. Kada babanki ya ji sai an gama citta, kin ji, Uwata?"

Na gyaɗa kai.

Da muka zauna bakin wuta ta ce, "Kunne ya buɗe, wuƙa kuma kada ya tsaya." Sai ta kawo labarin zabuwa da ta taka ƙaya. Kurciya ta tambaye ta lafiya, ta ce tana maneji. Zomo ya tambaya, amsar ke nan. Ƙadangare kaɗai ya ga ƙafar ta kumbura. Ranar da mafarauta suka sa wa daji wuta kowa ya tsere, zabuwa kuwa ba ta iya tashi sai ta ɗan yi gudu tukuna.

Ƙanwata Rahila ta ajiye wuƙa. "To ƙadangare da ya gani, bakinsa ciwo yake yi?"

Aka yi dariya. Kaka ba ta yi ba. Ta dube ni ta saman wutar.

"An ce masa ya yi shiru," ta ce. "Shi kuma yana jin magana."

Na sunkuyar da kai. A lokacin na ɗauka yabo ne.

Bayan Sabuwar Shekara wari ya tona abin da na ɓoye. A asibiti a Kafanchan likita ya tambayi Baba tun yaushe abin ya fara. Baba ya ce bai sani ba. Ina tsaye a bayansa riƙe da kwanon abincin Kaka, na san ranar, ban ce komai ba. Aka yanke ƙafar daga gwiwa. Kaka ba ta ga damina ba.

Yanzu ina ajin ƙarshe a sakandare, littafin kuma yana cikin akwatina. Duk manejin garinmu yana ciki, ban da nata. Ina yawan tuna yadda ta dube ni. Tsohuwar da ke jin nauyin ɗanta ta kasa cewa a kai ta asibiti, sai ta bi ta tatsuniya ta sa Rahila ta yi tambayar a gabana. Ni ce ban amsa ba.